Kyanwar waya da kyanwar littafi

Na daɗe ina son yin wannan rubutun ina fasawa, don na san abin da wasu za su ce: ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, Malam ya zo yana maganar mage. Na ji. Amma ku yi haƙuri in faɗi tawa.

Bara, ɗiyar ƙanwata da ke karatu a Samaru ta tara 'yan kuɗinta ta sayi 'yar kyanwa. A waya ta gan ta, fara sol, gashi buzu-buzu, ido shuɗi, mai sayarwa ya rubuta cewa Fashiyan ce ta asali, wato wani nau'in kyanwar ƙasar waje. Aka saka ta a kwali aka ba direba, ta je tasha ta karɓo. Da na gan ta, ko tafin hannuna ba ta cika ba. Yarinya ta yi iya abin da ta sani: ta dama mata madarar gari, ta murmushe mata tuwo da miya. Kwana biyu sai zawo. Ta taɓa jikinta ta ji zafi, ta ce zazzaɓi ne, ta ɓare kwatar farasitamol ta jiƙa ta ɗura mata. Washegari fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi sama-sama. Kafin la'asar ta mutu. Ta kira ni tana kuka tana cewa, "Kawu, wallahi taimakonta na yi niyya." Ni ma a lokacin ban san me ya kashe ta ba, na ce mata kwana ne ya ƙare.

Bayan wasu makonni ina duba tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a ƙasa a bakin titi, sai na ci karo da wani na Turanci, bango ya yage, cike da hotunan kyanwowi. Na saya don in rarrashe ta. Da daddare ina buɗawa na ga shafi guda an jera hoton ƙwayoyin magani, da albasa, da tafarnuwa, da kofin madara, kowanne an ja masa jan layi. Jikina ya yi sanyi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu, ɗan kaɗan ma yana lalata mata jini. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta. Madarar shanu kuwa yawancinsu ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, shi ne zawon. Zafin da yarinya ta ji ma ba lallai zazzaɓi ba ne, domin lafiyayyar kyanwa jikinta yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, ya ɗara namu. Duk abin da ya kashe 'yar kyanwar nan yana cikin shafi ɗaya, wanda ko wanda bai iya Turanci ba zai gane da kallo guda.

Abin da nake nufi da darajar littafi mai hoto ke nan. Gani ya kori ji. Ka rubuta wa mutum "ka duba dasashinta" sau goma, ba zai san me zai nema ba. Ka nuna masa hoto uku a jere, ga na mai lafiya ja-ja mai haske, ga fari fat na wadda ƙuma ko tsutsar ciki ta shanye wa jini, ga rawaya na mai ciwon hanta, shi ke nan ya riƙe har abada. Haka yadda ake ɗaga kyanwa, yadda ake naɗe ta da tawul a ba ta magani ba tare da ta yakushe ka ba, yadda ake gane namiji da mace tun suna ƙanana. Shafin da ya fi burge ni shi ne wanda aka jera hoton ɗan kyanwa mako bayan mako. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, kuma duk ɗan kyanwa da shuɗin ido yake farawa, sai ya doshi mako bakwai launin gaskiya ke fara bayyana. Ba a raba shi da uwa kafin mako takwas, wasu ma sun fi son a kai goma sha biyu. Na kwatanta da hoton tamu a waya, na ga ba ta wuce mako huɗu ba. Shuɗin idon da aka ƙara wa kuɗi dominsa, kowace 'yar mage a lungunan Tudun Wada tana da irinsa a wannan shekarun.

Za a ce ai akwai YouTube da TikTok. Akwai, ni ma ina kallo. Sai dai waya abin da ka tambaya take ba ka, wanda bai san farasitamol guba ba ne kuwa ba zai taɓa tambaya ba. Littafi kana neman wani abu sai ka faɗa kan wanda ba ka san kana buƙata ba. Sannan hoton da ke yawo a waya yawancinsa na talla ne, an wanke kyanwa an taje ta an ɗauke ta ta gefen da ya fi kyau. Hoton littafi ba kuɗinka yake nema ba, shi ya sa yake nuna maka har da munin. Ba ya kuma jiran data ko a kawo wuta.

Ɗauki Fashiyan ɗin da yaranmu suke rububi. Sunanta daga Farisa ne, wato Iran ta yau, amma wannan shafaffiyar fuskar masu kiwo a Turai da Amurka ne suka yi ta zaɓe har suka kai ta haka. Littafin ya zana ƙoƙon kanta kusa da na kyanwar gida, ka ga yadda hanyar numfashi ta matse, ka gane dalilin minshari da hawayen da ba ya tsayawa. Gashinta kullum sai an taje, in ba haka ba ya cukurkuɗe ya zama gidan ƙuma. Yanzu ka ɗauki wannan halittar ka ajiye ta a ɗakin kwano a Hayin Dogo cikin zafin Afrilu, babu wuta, ka gaya mini me ka yi. Akwai kuma mai lanƙwasasshen kunne, 'yar Sukotilan, wadda asalinta kyanwa guda ce da aka gani a wata gona a 1961. Abin da ya lanƙwasa kunnen lalurar guringuntsi ce, kuma ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, tana bin gaɓɓai ta sa mata ciwo. Mutum yana biyan kuɗi mai yawa don ya sayi ciwo, yana cewa kyau. Marar gashin nan da ta samo asali a Toronto ta Kanada a 1966, rana ce ke ƙona mata fata, hunturun Zariya kuma ya hana ta barci.

Wata ta ba ni dariya, Siyamis, 'yar ƙasar Tailan. Duhun da ke kunnenta da hanci da ƙafafu da wutsiya ashe sanyi ne ke jawo shi, inda jiki ya fi sanyi nan gashi ke yin duhu. Ke nan wadda ta tashi a zafinmu tana iya fin 'yar'uwarta ta Landan haske. Irin wannan ilimin ba ya ciyar da kowa, amma daɗi gare shi.

Shi kansa rarraba kyanwowi zuwa nau'o'i da zane ya fara. Babban baje kolin kyanwowi na farko a Landan a 1871, wanda ya shirya shi, Harrison Weir, mai zanen dabbobi ne, shi ya tsara siffofin da ake auna su da su. Yawancin nau'o'in da ake ji da su bayan nan aka ƙirƙiro su. Tamu ta gida, mai gajeren gashi da zane-zane a jiki, ita ta fi kama da kakar duka, wato kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda mutum ya fara zama da ita tun kusan shekara 9,500 da suka wuce, kamar yadda wani kabari a tsibirin Kubrus ya nuna. Ita muke kora da takalmi, muna sayen jikokinta marasa lafiya da dubbai.

To amma ba zan ɓoye aibin waɗannan littattafan ba: ba don mu aka rubuta su ba. Suna maganar abincin gwangwani da yashin bayan gida na kanti da dusar ƙanƙara. Ba su san ɓeran da ya ci guba ya fito tsakar gida yana tangaɗi, mage ta cafke ba. Ba su san fiya-fiyar da ake fesa wa ɗaki a rufe ƙofa kyanwa na ƙarƙashin gado ba. Na Ingila sukan wuce ciwon haukar kare da layi biyu don ba ya damunsu, mu kuwa yana nan, kyanwa tana ɗauka tana kuma sa wa mutum, allurar rigakafi tun tana wata uku ba abin wasa ba ce. Ba su gaya maka yadda za ka ciyar da ita da kan kifi da kayan cikin kaza daga kasuwar Sabon Gari, alhali dole ta ci nama, domin akwai sinadarin da in ta rasa shi ido da zuciya ke lalacewa, tuwo zalla ba ya riƙe ta. Makeron da yaro ke ɗauka daga jikin mage ma, a farar fata suke nuna shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in akwai garin da ya kamata ya fitar da irin wannan littafin da Hausa, Zariya ce. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kamfanin Gaskiya ya kafu a Tudun Wada a 1945, daga nan ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci suka bazu a Arewa suna koya wa manya karatu da tsabta da noma. Ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta, ga sashen zane-zane da ya yi suna a duk Nijeriya, ga sashen da ake nazarin Hausa, duk cikin harabar Samaru, tafiyar ƙafa tsakaninsu. Likita ɗaya, mai zane ɗaya, mai Hausa ɗaya, shafi arba'in ya isa. Ba sai an yi takarda mai ƙyalli ba.

Kuma ba baƙon abu za a kawo mana ba. Duk ɗan Islamiyya ya san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, ya san inda laƙabin Abu Huraira ya samo asali, ya san kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. An koya mana tausayinta, ba a koya mana yadda ake yinsa ba. Shi ya sa gida guda za ka ga uwa tana ajiye wa mage ragowar miya don neman lada, ɗanta kuma yana waje yana jifan baƙar kyanwa wai aljana ce. Yaron da ya taɓa zama ya kalli zanen yadda uwa ke ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65, ta haifi 'ya'ya makafi kurame tana lashe su ɗaya bayan ɗaya, ina shakkar hannunsa zai yi saurin ɗaukar dutse.

Littafin yana wurin ɗiyar tawa yanzu, ta manne bangon da salatif. Magen maƙwabtansu ta haihu, ta roƙi ɗaya, aka ce ta zo ta ɗauka, ta ce a'a, a bar shi wurin uwarsa sai ya cika mako takwas. Ɗan muzuru ne ruwan toka mai zane, kyauta aka ba ta. Ranar da na je gaishe da mahaifiyarta na tarar ta ɗaga masa leɓe tana duba dasashi, littafin a buɗe kan tabarma, ƙannenta uku sun yi cirko-cirko a kanta. Ta ɗago ta ce, "Kawu, wannan shafin na tsutsar ciki fa, ka fassara mini shi kafin ka tafi."