Teburin da mutum ya saya ya bi shi sabuwar na'ura

Bidiyon nan da kuke ta turo min na gani, kuma ban ga abin murna a cikinsa ba. Mutum ya zauna yana ta zuba a kan yadda fitilun tebur za su riƙa sheƙi a jikin ƙwallo idan na'urorin gem na gaba suka fito, wai nan makomar fimbol na allo take (fimbol shi ne wasan da ake dukan ƙaramin ƙwallon ƙarfe a kan tebur mai gangara, na allo kuma shi ne kwaikwayonsa a gem, inda ake sayen kowane tebur), amma ko sau ɗaya bai taɓo abin da ke damun masu buga wasan ba. Da wani bawan Allah ya tambaye shi ko teburan da ya riga ya saya za su bi shi zuwa sabuwar na'ura, sai ya ce masa in yana son wasan da gaske ai sai ya sake saya. Wannan amsa ce ta hana ni yin shiru.

Malam, sheƙin ƙwallo ba ya cikin damuwarmu. Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji: teburin da mutum ya sa kuɗinsa ya saya, ya bi shi duk na'urar da ya koma. Idan ba a gyara wannan ba, a ninka ƙarfin na'ura sau nawa ake so, wasan nan ba zai yi gaba ba.

Fimbol ba irin gem ɗin ƙwallon ƙafa ba ne da ake fitar da sabo duk shekara saboda 'yan wasa sun sauya kulob. Teburin Medieval Madness da kamfanin Williams ya ƙera a 1997 shi ne dai har yau. Ganuwar nan tana can saman tebur, ka doki gadar ta sauko, ka doki ƙofar ta buɗe, ka zura ƙwallo ciki hasumiyoyin su yi ta rawa kamar za su zube, dodanni biyu su ɓullo daga cikin katakon su tare maka hanya. Ba abin da ya ƙaru a kansa, ba abin da ya ragu. Wanda ya saye shi a allo ya sayi wannan tsarin ne, da wannan sautin, da waɗannan dokokin. To da wace hujja za a ce ya sake biya don kawai akwatin da ke ƙarƙashin talabijin ɗinsa ya sauya?

Ku da kuka daɗe a harkar kun san abin da ya faru a 2018. Kamfanin FarSight Studios ya fito da gem ɗin The Pinball Arcade a 2012, ya shekara shida yana kwaikwayon teburan kamfanonin Williams da Bally ɗaya bayan ɗaya, yana kwance injinan gaske yana ɗaukar hoton kowane ɓangare, yana sa ainihin manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar injin ta yi aiki a allo. Da kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsu, jama'a suka roƙa. A Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, aka tara kuɗin teburin Twilight Zone a 2012, inda suka nemi dala 55,000, haka aka yi wa Star Trek: The Next Generation, da Terminator 2, da The Addams Family. Masu son wasan ne suka ciro kuɗi daga aljihunsu don kada teburan nan su ɓace. Ranar 30 ga Yunin 2018 lasisin ya ƙare, aka sauke teburan Williams da Bally gaba ɗaya daga kasuwa. Wanda ya riga ya saya an bar masa nasa a na'urar da ya saya, wanda bai saya ba ya makara ke nan. Teburan da jama'a suka yi karo-karo aka yi, su ma sun tafi da sauran.

Bayan 'yan watanni lasisin ya koma hannun Zen Studios na birnin Budafes a ƙasar Hungari, suka fara fitar da teburan Williams a cikin Pinball FX3. Aikinsu ya yi kyau, ban hana su ba, tafiyar ƙwallonsu ta fi ta da nauyi. Amma wanda yake da Medieval Madness a The Pinball Arcade sai da ya sake biya. Mutane suka ce to kamfani ne daban, suka haƙura. Sai ga sabon Pinball FX, wanda ya fara fitowa a kwamfuta a 2022, ya iso PlayStation da Xbox a Fabrairun 2023, aka wayi gari teburan FX3 ba sa shiga cikinsa kyauta. Kamfani ɗaya, tebur ɗaya, sai an sake saye, ko kuma mutum ya shiga tsarin haya da suka kira Pinball Pass. Wanda ya bi tebur guda tun daga farko ya biya sau uku cikin shekara goma da 'yan kai. Kuma ake tsaye ana mana bayanin haske.

Kada wani ya ce min abin ba ya yiwuwa, domin an yi shi mun gani. Lokacin da Zen Pinball 2 na Zen Studios ɗin nan ya hau PlayStation 4 a 2013, masu tebura a PlayStation 3 da Vita sun kwaso kayansu ba tare da sake biya ba. Da Pinball FX2 nasu ya hau Xbox One a 2014, an buɗe wa masu Xbox 360 hanya su ma. Da FX3 ya fito a 2017, akasarin teburan baya sun biyo masu su, in ban da 'yan kaɗan da lasisinsu ya hana. Sau uku ke nan, kuma kamfanin bai durƙushe ba, sai ma ƙara girma da ya yi, domin mutumin da ya san kayansa za su bi shi ba ya jin tsoron ƙara saye. Abin da ya yiwu a zamanin PlayStation 3 ba zai gagara a zamanin PlayStation 5 ba. An dai zaɓi kada a yi ne.

Na san amsoshin da za su biyo baya, na sha jin su.

Za a ce an sake gina teburan a kan injin Unreal, wato manhajar da ake gina gem a kanta, ma'aikata sun yi gumi, dole a biya su. Wa ya ce kada a biya su? A sayar mana da sababbin tebura, za mu saya. The Addams Family da Twilight Zone da suka shigo Pinball FX a 2023, wa ya yi ƙorafin biyan kuɗinsu a cikin waɗanda ba su taɓa mallakarsu ba? A sa ɗan ƙaramin kuɗi na ɗaga tsohon tebur zuwa sabon inji, kowa zai fahimta, kuma ragin da aka yi wa wasu masu FX3 daga baya ya nuna an san hanyar. Amma sauya inji shawarar kamfani ce, ba mai saye ne ya roƙa ba. Kai ka ga dama ka sauya, kai za ka ɗauki mafi yawan nauyin.

Za a ce tsohon wasan ai yana nan, PlayStation 5 tana buga na PlayStation 4, je ka buga abinka. Wannan ita ce amsar da ta fi ba ni haushi. Tsohon yana nan, amma sababbin tebura ba sa zuwa can, abokan gasa sun watse sun koma sabon, kai kuma kana tsalle tsakanin manhaja biyu ko uku kafin ka buga abin da duk naka ne. Sannan har yaushe zai kasance yana nan? Nintendo ta rufe saye a kasuwar Wii U da 3DS a Maris na 2023. Microsoft ta rufe kasuwar Xbox 360 ranar 29 ga Yulin 2024. Sony ta so rufe ta PlayStation 3 da Vita a 2021, sai da jama'a suka yi caa a kanta ta janye. Sake sauke abin da ka saya yana nan a yau, amma yana nan ne iya lokacin da masu na'urar suka ga dama.

Za a ce lasisi ne. Wannan kam gaskiya ne, kuma yana da sarƙaƙiya. Tebur ɗaya yana iya ɗauke da haƙƙin kamfanin da ya ƙera shi, da na masu fim, da na ɗan wasan da aka zana fuskarsa, da na mai kiɗa. Haƙƙin Williams kansa ya sauya hannu: kamfanin ya rufe sashen fimbol a 1999, Scientific Games ya saye uwar kamfanin a 2013, yau sunansa Light & Wonder. Duk na yarda. Amma sarƙaƙiyar ta masu sa hannu a takarda ce. A rubuta tun farko cewa wanda ya saya ya saya, ko an sauya na'ura ko an sauya inji. Idan mai haƙƙi ya ƙi, a rubuta wa mai saye ɓaro-ɓaro a gaban maɓallin biya cewa wannan tebur na wannan na'urar ne kaɗai, ya shiga da idonsa buɗe.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne wannan. The Addams Family ya fito a 1992, an ƙera sama da 20,000, ba wani injin fimbol mai filifa (sandunan da ake dukan ƙwallo da su) da aka taɓa sayarwa da yawa kamarsa. Har yau akwai waɗanda ke aiki. Ka jefa ƙwallo a ramin sama, akwati ya buɗe, hannun nan ya fito a hankali ya ɗauke ƙwallon da maganaɗisu ya koma da shi ciki. A tsakiyar tebur kuma akwai maganaɗisu a ƙarƙashin katako da ke fizgar ƙwallon ya karkace ba zato. Inji mai waya da roba da fitilun da ke ƙonewa ya haura shekara 30, mai shi yana gyarawa, yana iya sayarwa, yana iya bar wa 'ya'yansa. Kwafinsa na allo, wanda ba ya tsatsa ba ya karyewa, wanda aka ce shi zai adana tarihin, shi ne bai kai shekara huɗu a kasuwa ba a karon farko. Yawancinmu ba za mu taɓa mallakar injin gaske ba, wasu ma ba za su taɓa ganinsa ido da ido ba. Allon nan shi ne kaɗai ƙofarmu. Shi ya sa nake ɗaga murya.

Kuma ku duba su wa ke riƙe da amanar a zahiri. Visual Pinball, gem ɗin kwamfuta wanda Randy Davis ya fara a 2000 aka kuma buɗe lambobin manhajarsa ga kowa a 2010, tare da PinMAME mai kunna manhajar injinan asali, 'yan sa-kai ne ke gina teburansa ba ko sisi. Wani ya kwashe watanni yana gyara yadda farin ƙwallon tangaran na Twilight Zone ke tashi, domin ya fi na ƙarfe rashin nauyi kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Matsayin wasu fayilolin a wajen doka ba a fayyace yake ba, kuma duk wannan a kwamfuta ne, mai PlayStation ko Switch ba shi da rabo. Amma abin kunya ne a ce mai neman teburinsa ya daɗe sai ya bar wanda ya karɓi kuɗinsa ya koma wajen wanda bai karɓa ba.

In ana son a yi maganar abin da sabuwar na'ura za ta ƙara, a yi maganar jinkiri. Ƙwallon ƙarfe mai nauyin giram 80 yana gangarowa, kana so ka tare shi ya kwanta a kan filifa, tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da motsin filifa ita ce komai. A rage wannan, a ƙara yawan hotunan da allo ke nunawa a daƙiƙa, a sa hannun gem ya riƙa ba ka bugun da ke gaya maka ƙwallo ya doki roba ne ko ƙarfe, a bar mutum ya juya allo a tsaye yadda Switch ke yi. Duk ina so. Amma ina so a kan teburan da na riga na mallaka. Asusu ɗaya, teburanka a ciki, ka shiga da shi a PlayStation, ko Xbox, ko Switch 2, ko abin da zai zo bayansu, kuma wasan ya kunnu ko babu intanet. Teburin da mutum ya saya ya bi shi. Haya ga mai son haya, ban hana ba, amma kada a matse saye har haya ta zama dole.

Af, wani ya tambaye ni kwanaki ina aka kai fimbol ɗin nan na Windows, mai jirgin sama jannati. Space Cadet ke nan. Asalinsa tebur ɗaya ne daga cikin Full Tilt! Pinball na kamfanin Cinematronics da Maxis ya fitar a 1995, ya zauna a Windows har zuwa XP, aka cire shi a Vista. Wani injiniyan Microsoft, Raymond Chen, ya bayyana cewa da suka zo mayar da shi tsarin 64-bit sai ƙwallon ya riƙa ratsa abin harba shi yana faɗawa ƙasa, lambobin kuma ba bayani a jikinsu, ba wanda ya gane kansu, ga lokaci ya ƙure, sai suka ajiye shi. Daga baya masu sha'awa sun warware lambobin sun sa shi yana aiki a sababbin kwamfutoci. Muƙamai tara ne a cikinsa, daga Cadet zuwa Fleet Admiral. Wanda ya taɓa kaiwa na ƙarshen ba tare da lambar maguɗi ba ya yi min magana, ina da tambaya a kan yadda yake tsare man jirginsa kada ya ƙare a tsakiyar aiki.