Kwamfutar Auta da maganar da wani dattijo ya faɗa mini a Kolon

Wata Asabar cikin Nuwamba na shiga wani ɗan shago a birnin Kolon na ƙasar Jamus da niyyar saya wa Autarmu kwamfuta, na fito hannu rabbana, raina a ɓace. Kwanaki na yi ina juya abin a zuciya kafin na iya zama in rubuta.

Auta ta samu gurbi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kimiyyar kwamfuta za ta karanta. Yarinyar da rabonta da zama gaban kwamfuta tun ranar jarrabawar JAMB. Baba ya fitar da shanshera ya sayar, ni kuma na ce zan cika sauran. Nan take zauren gidanmu na WhatsApp ya rabu uku: masu cewa in ba HP ba rijiya, masu rantsuwa da Dell, da wani ɗan kawunmu da ya kafe a kan Lenovo. Ita mai abin ba ta shiga gardamar ba. Saƙon murya ɗaya ta turo: "Yaya, ni dai wadda ba ta mutuwa in an ɗauke wuta."

Bari in kwatanta muku shagon, don ban taɓa ganin irinsa a gida ba. Kana tura ƙofa wata 'yar ƙararrawa za ta kaɗa, ɗumin hita ya tare ka, ga ƙamshin kofi. Ba kiɗa, ba yara masu jan hannun riga. Kwamfutocin duk na hannu ne, an jera su a kan katako fari, kowace da kati a gabanta: shekarar da aka ƙera ta, irin furosesarta (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki), yawan ram (inda take riƙe aikin da ake kan yi), girman ma'ajiya, da abin da ya rage na ƙarfin batir, kashi kaza cikin ɗari. Har ƙarzanen da ke jikinta an rubuta, an kuma rage kuɗi saboda shi. Ba ciniki, ba albarka; abin da ke jikin kati shi za ka biya. Yawancinsu daga bankuna da kamfanonin inshora suka fito, don a nan ma'aikatu hayar kwamfutoci suke yi na shekara 3 ko 4, in wa'adi ya cika su mayar a kawo sababbi.

Mai shagon dattijo ne, tabaransa rataye da igiya a wuya. Da na fara jero masa sunayen kamfanoni sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya tambayi abin da yarinyar za ta karanta. Ya ce kusan kowane kamfani kaya iri biyu yake yi: masu sheƙi na jan idon mai saye, da waɗanda aka ƙera don ma'aikacin da zai wuni yana dannawa. A HP su ne EliteBook da ProBook, a Dell Latitude, a Lenovo kuma ThinkPad, wadda asalinta ta IBM ce tun 1992 kafin Lenovo ya saye sashen a 2005. Ya ɗauko ThinkPad T480, ƙirar 2018, ya kife ta a kan wani ƙyalle, ya sa sukundireba ya kwance bayanta a gabana. Ya nuna mini gurbin ram guda biyu, ya nuna ma'ajiyar SSD, irin ta zamani mai sauri wadda ba faifai a cikinta, ya busa fankar don in ga ba ƙura. Batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a baya wanda ake zarewa da hannu a sauya. Ya ce akwai garanti na shekara guda, kuma ba alfarma ba ce, dokar Jamus ce: sabon kaya shekara 2 yana wuyan mai sayarwa, na hannu kuma ba zai gaza shekara 1 ba.

Wallahi ya burge ni. Har na ciro katin banki.

Sai ya tambayi wace jami'a ce. Na ce ai a Najeriya take. Fuskarsa ba ta sauya ba, muryarsa ma haka. Ya ce to me ya sa ban faɗa tun farko ba, in Afirka ce ba sai na kashe wannan kuɗin ba. Ya ja ni bayan kanta, ya nuna mini wani kwali cike da tsofaffi, wasu allonsu a tsage, wasu ba batir. Ya ce waɗannan ba sa ɗaukar Windows 11, sabuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a nan ba mai so, amma mutanenku suna zuwa su kwashe su da kwali, a can suna da amfani.

Na san bai yi don cin fuska ba, a ganinsa ma taimakona yake. Abin da ya fi sosa mini rai ke nan. Minti biyar da suka wuce Auta ɗaliba ce da ta cancanci batir biyu da garanti. Da aka ambaci ƙasarta sai ta koma wadda kwalin bayan kanta ya ishe ta. Na yi masa godiya na fita. Ƙarfe biyar ba ta yi ba amma gari ya yi duhu, ana yayyafi mai sanyi, na tsaya a tashar jirgin cikin gari hannuwana a aljihu ina tunanin Baba yana ƙirga buhuna.

Maganar Windows ɗin gaskiya ce, kuma duk mai shirin saya wa ɗansa ya riƙe ta. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida tana son furosesar kamfanin Intel zubi na 8 ko sama, wato ƙira ta takwas a jerin sabuntawarsu ko wadda ta biyo bayanta. Shi ya sa ma'aikatun Turai ke sauke na 6 da na 7, kuma ba sai an faɗa muku inda da yawansu ke nufa ba. Wasu cikin tsofaffin motoci ake cusa su, a ɗora a jirgin ruwa sai Legas, daga can Kano, daga Kano su iso gare mu an goge su sun yi fes. Mai saye ya ga tambarin i7, furosesar da ke sama da i5 a aji, ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali i5 zubi na 8 ta fi i7 zubi na 4 amfani gare shi nesa ba kusa ba.

Ba zan ɓoye laifinmu ba. Akwai masu sayarwa a gida da ba sa tsoron Allah, akwai rasit ɗin da aka buga wa "kaya in sun fita ba sa dawowa", kuma da ma a ce muna da dokar da ke aiki irin ta nan. Amma wa ya cika kwalin? Wanda ya tara shara ya kira ta kaya, ya karɓi Yuro a kanta, shi ba a kiransa macuci, sai ɗan kasuwarmu da ya biya kuɗin jirgi da kwastan da Nairar da ta zube tun da aka sake ta a Yunin 2023.

A daren na kira wani abokina da muka yi firamare tare a Argungu, yanzu yana gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi. Na ba shi labari. Ya ce, "Mutumina, ko da ka sayo wagga mai kyau, garantin nata ina za mu kai shi? Kolon?" Ya yi gaskiya. Ga kuma abin da na manta don idona ya saba: madannan Jamus Y da Z sun yi musayar wuri. Bahaushiya ta zo rubuta "ya zo" ta ga "za yo". Ana iya sauyawa daga ciki, amma rubutun jikin madannin yana nan, ga mai koyo kuwa wahala ce. Kan cajar ma mai ƙafa biyu zagaye ne, namu soket mai uku.

Ya juya kyamara ya nuna mini teburinsa. Fitila ɗaya, ƙarfen dalma, madubin ƙara girma, tsohon buroshin haƙori na share ƙura, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Yana cikin ɗaga wani ɗan sashe mai kamar ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba daga jikin allon wata kwamfuta da wuta ta ƙona. A nan Jamus irin wannan ba a gyara ta, ladan awa ɗaya na mai gyara ya isa a ce maka sayi sabuwa. Shi kuwa zuwa la'asar gobe mai ita zai karɓa tana aiki. Wa ya fi wani sanin kwamfuta tsakaninsa da dattijon? Garin da Auta za ta ma, Aliero, ban da albasa da me aka san shi? Da ɗori. Daga nesa ake kawo wanda ƙafarsa ta karye a ɗaure ta, ya tashi ya taka. Mu ba mu saba jefar da abu don ya karye ba, kuma ban yarda talauci kaɗai ne dalili ba.

Don haka na tsaya a kan cewa a saya a gida, a hannun wanda aka san gidan ubansa. Na ce ya nemo i5 zubi na 8, ram 8, SSD ko da 256 ce, don tsohon faifai mai juyawa ga nauyin tashi ga rashin jure jijjigar mota. Na ce kada ya kalli sabuwa dal mai ƙaramar furosesa Celeron da ram 4 ko da kuɗinsu ɗaya, araha ba ta ado, Chromebook kuma, wadda yawancin aikinta sai da intanet, ba ta wanda ke sayen data da ƙyar ba ce. Batir a gwada shi a zaune, a zare caja a ga awa nawa zai yi. Shi ya zaɓi kamfanin, ba ni ba. Ya ce EliteBook 840 G5, don a Birnin Kebbi in cajarta ko batirinta ko allonta ya lalace, ranar zai samo wani. Ya ƙara da cewa Auta ta kawo masa kwamfutar bayan hunturu ya buɗe ya share, kafin zafin Maris da Afrilu ya kama fanka a toshe.

Shi ya ɗauki Auta a mota suka je ta danna kwamfutar da hannunta. Shi ya tsaya ya yi ciniki. Shi ya kawo ta gida Argungu, ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya sa masa albarka. Duk wannan aikina ne. Ni na goya yarinyar nan zuwa bakin Matan Fada kallon masu su tana 'yar shekara huɗu, yau ga shi za ta jami'a, abin da na iya shi ne tura kuɗi ta waya. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban taɓa jin nauyin maganar ba sai da na ga hoton su uku a zaure.

Shekaranjiya ta kira ni da kwamfutar, karon farko. Tana ta nuna mini yadda madannan ke haske cikin duhu, tana cewa, "Yaya, ka gani? An ɗauke wuta tun magariba, ga ta nan ba ta mutu ba." Na ce na gani, Allah ya sa albarka. Sai na ce ta ɗaga ta, ta juya ta wajen tsakar gida. Hoton bai fito sosai ba, sai jan garwashi a murhu da inuwar Inna tana fifita wuta. Na ce ta bar ta a haka tukuna.