Ɗalibinmu ya iya lissafin bene, amma bai taɓa kwaɓa kankare ba

Ɗan yayata ya kira ni ranar da sunansa ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi, wanda ɗalibai ke ce wa sibil, a wata jami'a ta Arewa. Bayan mun gaisa na yi masa barka, sai ya ce, "Kawu, ku da kuke aikin nan a Ingila, wace manhaja zan fara koya tun yanzu don kada a bar ni a baya?" Na ce masa ya ajiye zancen manhaja tukuna. Ya nemi inda ake gini a unguwarsu, ya roƙi birkila ya bar shi ya riƙa tsayawa kusa da shi duk ranar Asabar. Ya yi shiru, na kuma gane amsar ba ta yi masa daɗi ba. Na ga ya kamata in yi bayanin dalilina, don shi da sauran sa'o'insa.

A gida na yi digirina, shekara biyar, na yi bautar ƙasa, na ɗan yi aiki, sannan na zo nan ƙaro karatu. Yanzu ina wani kamfani a arewacin Ingila da ke zanen gadoji da magudanan ruwa, kuma kusan duk shekara ana haɗa ni da ɗaliban jami'a da suka zo koyon aiki. To na ga namu, na ga nasu.

In dai batun lissafi ne, ba na jin kunyar inda na fito. Shekara biyar ɗinmu da shekara uku ko huɗunsu duk kusan abu ɗaya ne, don abin da muke yi a aji ɗaya su sun riga sun yi shi a ƙarshen sakandare. Ɗalibinmu da ya dage zai zauna da biro da takarda ya fitar da nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, ya gaya maka rodi nawa za a sa da kaurinsa, ba tare da ya taɓa kwamfuta ba. Na sha ganin yaro a nan ya karɓi amsar da manhaja ta ba shi ya wuce, alhali da ya yi ɗan lissafi a gefen takarda da ya ga akwai kuskure. Wannan horon malamanmu ne suka ba mu shi, cikin ƙarancin albashi da cunkoson aji, Allah ya saka musu.

Inda muka raba hanya shi ne ɗakin gwaji. A ajinmu mun kusa ɗari. Ranar da aka nuna mana gwajin ƙarfin kankare, ma'aikacin ɗakin ne ya ɗauko dunƙulen da aka riga aka zuba, ya sa a injin, ya matse shi har ya fashe. Na gaba suka gani, mu na baya muka ji ƙara. Aka karanto lamba muka rubuta, kowa ya je ya haɗa rahoto ya sami maki. A nan kuwa ɗalibai huɗu ko biyar ake haɗawa, su auna siminti da yashi da tsakuwa da ruwa da hannunsu, su kwaɓa, su cika mazubin nan mai kama da mazurari su ɗaga shi su ga yadda kankaren zai zube, su zuba a ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 150, su jiƙa a ruwa, su dawo bayan kwana 7 da kwana 28 su fasa abinsu. Wani rukunin a sa shi ya ƙara ruwa da gangan. Ranar fasawa kowa zai ga da idonsa yadda nasu ya ruguje tun kafin injin ya yi nisa. Yaron da ya ga wannan ba sai an sa shi haddace illar yawan ruwa ba. Har wani fili suke da shi a Norfolk, a gabashin Ingila, mai suna Constructionarium, inda jami'o'i ke kai ɗalibai su yi kusan mako guda suna gina ƙaramin samfurin gada ko dogon bene, da rodi da katako da kankare na gaske, su ne leburori, su ne masu tsara aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaron Ingila ma bai kai namu buƙatar wannan ilimi ba. Idan ya fara aiki, kankare a mota yake zuwar masa daga masana'anta, da takardar da ke nuna abin da aka zuba a ciki da ƙarfin da zai kai, ga wanda zai ɗebi samfuri ya kai gwaji. Namu fa? In ba babban aikin gwamnati ya samu ba, zai tsaya ne a kan leburori ashirin da shebur da kwanon sarki, ana kwaɓi a ƙasa ko a ɗan ƙaramin inji, ana hawa da shi kan tsani ranar zuba dakin, wato rufin kankare. Ba takarda, ba gwaji. Idonsa ne ma'auni. Shi ne kuma muka yaye bai taɓa riƙe shebur ba.

Za a ce ai akwai SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta kafa tun 1973, wata shida cur a aji huɗu. Haka ne, kuma a ganina babu abin da ya kai shi daraja a duk shekara biyar ɗin, babu kuma abin da muke wasa da shi kamarsa. Ni wani ofis na samu, inda na shafe wata huɗu ina naɗe takardun zane ina kai saƙo. Wasu abokaina ko ofis ɗin ba su je ba, sai da lokaci ya ƙure suka cika littafin rahoto a dare biyu aka buga musu hatimi. A wata biyun ƙarshe ne aka tura ni wani gini mai hawa biyu, a can na haɗu da wani dattijo birkila da kowa ke ce wa Baba. Ranar da tifa ta sauke yashi, ya damƙi cikin hannu ya matse ya buɗe, ya ce, "Yaro, zo ka gani. Yashin kirki ba ya dunƙulewa haka, ba ya ɓata tafin hannu. Wannan da laka a ciki." Ya sa aka kawo kwalba, ya zuba yashin da ruwa ya girgiza ya ajiye. Da la'asar sai ga lakar ta kwanta a sama, kauri guda. Na san sunan wannan gwaji a littafi, na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma ban taɓa ganinsa ba sai a hannun mutumin da bai shiga aji ba. Shi ya nuna mini dalilin sa 'yan ƙananan dunƙulen siminti da ake kira biskit a ƙarƙashin rodi, don kada ƙarfe ya kwanta a kan katako ya fito fili ya yi tsatsa. Shi ya nuna mini yadda leburori ke faki ido su ƙara ruwa in rana ta take, don kwaɓin ya yi laushin ɗauka. Na ce, "Baba, to in na gani me zan yi?" Ya ce, "Ka hana mana. In kai mai takarda ba ka hana ba, wa zai hana?"

Sai batun ƙasa da yanayi. Littattafan da muka karanta kusan duk na Turawa ne, ƙa'idar zanen kankaren da aka koya mana ita ce BS 8110 ta Birtaniya, wadda su masu ita suka janye tun 2010 suka koma ta Turai. Ba tsufanta ne ya dame ni ba, gini da yawa da aka yi da ita suna nan daram. Damuwata ita ce misalan duk na ƙasarsu ne. Ɗalibin Ingila ana koya masa yumɓun Landan domin a kansa zai yi gini, ana koya masa kada ya zuba kankare in sanyi ya yi tsanani domin ruwan ciki zai daskare. Mu ma abin da muka karanta ke nan, mu da matsalarmu ita ce zafin Afrilu da iskar hunturu da ke shanye ruwan dakin kafin ya kama, har ya tsattsage in ba a bi shi da ban ruwa ba. Jar ƙasar da ake cike kusan kowace hanya da ita a Arewa, da baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi da ake kira firgi, mai kumbura da damina ta dare da rani ta karya fandisho da kwalta, sun cancanci zango guda kowacce, da fita daji da haƙa rami. Malamanmu sun yi bincike mai yawa a kansu, amma yawancinsa yana cikin mujallu da kundayen digiri na biyu, bai sauko aji uku ba. Haka kuma na gama digiri ba wanda ya kai mu Masallacin Juma'a na Zariya mu tsaya ƙarƙashin bakan gizon, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga da ƙasa da azara tun ƙarni na 19, mu tambayi kanmu ta ina nauyin yake bi ya sauka.

Ba na cewa jami'a ce ta rushe benen Ikoyi a Legas mai hawa 21 da ya kashe mutum fiye da 40 a Nuwambar 2021, ko makarantar da ta rufta wa yara a Jos a Yulin 2024. Gine-gine da yawa a ƙasarmu ba injiniyan da ya taɓa leƙa su, wasu kuma mai gini ne ke rage rodi da siminti don kuɗi, hukuma ta kau da kai. Amma a inda injiniya yake, abu biyu ake nema a wurinsa: ya gane ɓarna in ya gan ta, ya kuma iya cewa a tsaya ko da mai kuɗin yana huci. Na biyun ba ya samuwa sai da na farkon. Wanda bai tabbatar da abin da idonsa ya gani ba, ɗan kwangila na ɗaga murya zai ja baya.

Na san za a kawo maganar kuɗi, kuma gaskiya ce. Jami'o'in da suka shafe wata takwas a rufe a 2022 ba za a haɗa su da na nan ba. Sai dai ba komai ne ke buƙatar injin miliyoyi ba. Mazubin gwajin kankare mai walda zai ƙera shi a yini ɗaya. Buhun siminti goma zai ishi aji guda su kwaɓa su gani. Kuma da wuya ka shiga jami'ar gwamnati ba ka tarar ana wani gini da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba. Me zai hana a sa a cikin yarjejeniyar kwangila cewa ɗaliban sibil za su riƙa shiga rukuni-rukuni, daga haƙa fandisho har rufi? Malamin da ke duba ɗan SIWES kuma ya same shi a wurin gini, ya tambaye shi abin da aka zuba jiya da yadda aka auna, maimakon duba hatimi. COREN, hukumar kula da aikin injiniya, da ke tantance kwasa-kwasan nan tana da ikon ta nace a kan haka.

Makonni uku bayan wayarmu, ɗan yayata ya turo mini hoton wani gini a bayan layinsu, an kafa katako ana shirin zuba linta. A ƙasan hoton ya rubuta, "Kawu, na ga rodin ya kwanta a kan katakon, ba komai a ƙarƙashinsa. In yi magana?" Na ce ya fara gaida birkilan, ya tambaye shi cikin ladabi ko za a sa biskit, sannan ya kira ni da daddare ya gaya mini abin da ya ce.