Mai hankali yana da ranar fita, mai taɓin hankali fa?

Wannan zalunci ya ishe mu a Damagaram. Mai cikakken hankali ya saci buje a Kasuwar Dole, alƙali ya yanke masa ɗaurin watanni kaza, ya san ranar fitarsa. Mai taɓin hankali kuwa, da ya ɗauki irin bujen nan, ba mai iya gaya wa danginsa ranar da zai koma gida.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, ta 1961, ta ce babu laifi a kan wanda yake cikin hauka lokacin da ya aikata abin. To, wa zai tabbatar? Sai alƙali ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, ya rubuto rahoto. Likitocin ba su da yawa, takarda sai ta kwanta, shi kuma yana gidan kaso ba magani, ciwo na ƙaruwa. In rahoto ya fito aka kai shi asibiti, abinci, kuɗin magani da mai jinya duk a wuyan dangi. Magungunan taɓin hankali irin su Haldol da Largactil kan sandarar da jiki, hannu ya riƙa rawa. In ba a gyara awon maganin ba ko aka rasa Artane, maganin da ke rage wannan sandarewar, sai majinyacin ya ƙi sha, a ce ai bai warke ba. Wani ma ciwon ya lafa tuni, dangi ne suka gudu, babu mai sa hannu ya karɓe shi.

Kada a ce talauci ne kaɗai. A Amurka, an kama Michael Jones a 1975 da yunƙurin satar riga a wani kanti a Washington, laifin da hukuncinsa bai wuce shekara ɗaya ba. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na St. Elizabeths, a 1983 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 a kan 4, ta ce ana iya riƙe shi fiye da hakan. Italiya ta fi su hankali: dokarta ta 2014 ta hana, in ban da laifin ɗaurin rai da rai, tsarewar mai taɓin hankali ta zarce iyakar hukuncin laifin.

Mu ma abin da muke so ke nan. A sa wa rahoton likita wa'adi, alƙali ya riƙa sake duba fayil ɗin kowane wata shida, a ba mai taɓin hankalin lauya kyauta. In an sallame shi, a haɗa shi da likitar unguwarsu don allurar wata-wata, kada a mayar da shi gida a saka masa mari.