Mai saye ba ya biyan kuɗin tarihinka

Wata goma sha huɗu allon "na sayarwa" ya yi a jikin katangar gidan kawuna. Rana ta cinye fentin, lambar wayar dillali ta koɗe har sai da aka sake bin ta da alƙalami. Masu zuwa gani kuwa ba a rasa su ba. Su shigo, su zaga, su murɗa famfo, su ɗaga kai su ƙura wa silin ido, su ce "za mu yi shawara", daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Ranar da na tambaye shi, "Kawu, wai me kake gani ya hana gidan nan tafiya?" ko numfashi bai ja ba ya ce, "Ɗana, kasuwa ce ta mutu. Kuma mutanen yanzu ba su san kaya ba." Sai ya kama hannuna ya shiga nuna mini tayil ɗin da ya zaɓo da kansa, da ɗakin da ya ƙara a baya da kuɗin sallamarsa daga aiki, da bishiyar da ya dasa shekarar da aka haifi autarsa. Na yi shiru, domin na san cikin waɗannan watannin an sayar da gida biyu a layin nasu.

Abin da nake so in faɗa ba zai yi wa masu gidaje daɗi ba. Mafi yawan gidajen da suke yin kwantai, ba kasuwa ce ta ƙi su ba. Mai gidan ne ya sa kuɗi a kan abin da mai saye bai zo saye ba. Shi yana lissafin shekarun da suka wuce: gumin da ya zuba, bashin da ya ci, 'ya'yan da suka tashi a ciki. Mai saye kuwa shekarun da ke gaba yake lissafi: yaushe rufin nan zai fara yoyo, nawa zan kashe kafin in tare, in na tashi sayarwa wa zai karɓa. Mutum biyu ne tsaye a falo ɗaya, amma kowa gidan da yake gani daban.

Wannan ba halin kawuna ba ne shi kaɗai, halin ɗan Adam ne, kuma masana tattalin arziki sun daɗe da auna shi. A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa rabin ɗaliban aji kofunan shayi kyauta, sannan aka buɗe ciniki tsakaninsu da waɗanda ba su samu ba. Waɗanda kofi ya shiga hannunsu 'yan mintuna kaɗan da suka wuce sai suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofi ke nan, wanda ba wanda ya kwana da shi. To ina ga gidan da mutum ya yi shekara ashirin a ciki?

Akwai wani binciken da ya fi wannan kusa da maganarmu. David Genesove da Christopher Mayer sun bi cinikin gidajen bene a birnin Boston na Amurka a shekarun 1990, lokacin da farashi ya faɗi, suka wallafa sakamakon a 2001. Sun gano cewa masu gidan da suka saya da tsada, waɗanda sayarwa a farashin ranar za ta zame musu asara, suna ɗora kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na wannan asarar a kan kuɗin da suke nema. Sakamakon shi ne gidajensu sun fi daɗewa a kasuwa. Wato mutum yana so mai saye ya taya shi ɗaukar asararsa. Shi kuwa mai saye ina ruwansa da nawa ka saya? Gidan maƙwabcinka yake kallo, wanda girmansu ɗaya, aka kuma sallama shi ƙasa da naka watan jiya.

Dillalai ma suna da nasu kason laifin. Idan mai gida ya kira uku su yi masa ƙiyasi, wanda ya faɗi kuɗi mafi tsoka shi ake ba aikin, kuma duk sun san haka. Sai a yi ta zuga mai gida har kansa ya kumbura, a kafa allo, sannan bayan wata uku dillalin ya dawo yana sosa ƙeya, "Ranka ya daɗe, sai fa mun ɗan sauko." Ya riga ya sami aikin, la'adarsa tana nan ko an rage. Mai gida ne ya yi asarar abu mafi daraja da yake da shi, wato makonnin farko.

A nan nake so in daɗe, domin nan ne mutane ba su cika lura ba. Gida sabon shiga kasuwa yana da wani farin jini da ba ya dawowa. A kowane lokaci akwai mutanen da suka daɗe suna nema, kuɗinsu a shirye, sun ga duk abin da ke kasuwa sun ƙi. Su ne ke fara rugowa idan sabo ya fito, kuma su ne suka fi kowa sanin farashi, domin sun zaga gida goma ko ashirin kafin naka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In suka ga ka wuce gona da iri ba za su tsaya jayayya da kai ba, ba za su ma taya ba, wucewa za su yi. Mai gida kuma sai ya ɗauka cewa ai idan ya sa da yawa ya bar wa kansa wurin ragi. Ragi da wa? Wanda bai shigo ba ba a ciniki da shi. A shafukan intanet na sayar da gidaje abin ya fi muni, domin mai nema yana rubuta iyakar kuɗinsa ne, duk gidan da ya haura wannan iyaka ko da kaɗan ne ba zai ma bayyana a wayarsa ba.

Daga nan sai daɗewar kanta ta zama aibi. Duk wanda ya ga gida ya kwana biyu a kasuwa, tambayar farko da ke zuwa masa ita ce, me waɗanda suka riga ni suka gani? Ruwa ba ya tsami banza. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan tun 1970 da misalin motocin hannu, aikin da yana cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001: idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, mai saye yakan kare kansa ta hanyar ɗauka cewa akwai ɓoyayyen lahani, ya rage tayinsa daidai da wannan zato. Mu dai mun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai saye ma ya san ka sani. Idan kuma bayan wata shida aka zabge kuɗin, maimakon ya ji daɗi sai ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, ya ƙara ja da baya, ko ya gyara zama yana jiran ragi na gaba. Haka gidan da tun farko da an sa masa daidai zai tafi cikin makonni yake ƙarewa a ƙasa da daidai ɗin.

Za a ce mini, to ai ba komai ne farashi ba, akwai gyara da tsabta da hoto. Gaskiya ne, amma a ganina waɗannan ma farashi ne da ya sake riga. Na taɓa raka wata ƙanwata duba wani gida mai kyan tsari, ɗakuna manya, iska ta ko'ina. Muna shiga wani warin danshi ya tare mu. A kusurwar silin ɗin ɗakin kwana akwai wani tabo ruwan ƙasa, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, an shafa masa fenti sabo amma ya sake fitowa ta ƙasan fentin. Ta taɓa ni ta ce a hankali, "Yaya, mu tafi." Wataƙila kwano ɗaya ne ya huje, aikin yini guda. Amma ita ba kwano ɗaya ta gani ba. Ta ga katakon rufi ya ruɓe, ta ga wayar lantarki a jiƙe, ta ga kuma mai gidan da ya zaɓi ya rufe maimakon ya gyara, ta tambayi kanta me kuma ya rufe. Gyaran da zai ci mai gida kaɗan, a kan mai saye yakan ninka sau da yawa, domin shi da tsoro yake lissafi. Haka hoton da aka ɗauka da yamma cikin duhu, da shanya a tsakar gida, da kaya jibge har rufi. Haka mai gidan da ke bin baƙo ɗaki-ɗaki yana ba shi labari, ya hana shi sakewa ya buɗe kabad ko ya yi magana da matarsa. Sai kuma wanda ya gina gida daidai son ransa, ya haɗe ɗakuna biyu ya yi ƙaton falo, ya yi wa bango launin da shi kaɗai yake so, yana jiran a biya shi kuɗin da ya kashe. Mai saye kuɗin rushewa yake cirewa.

Amma ba zan yi wa masu gidaje rashin adalci ba. Akwai lokacin da kawuna zai zama mai gaskiya, kasuwar ce da kanta ta tsaya. A ƙasashen da yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida, kuɗin ruwa ne ke riƙe da linzami. A Amurka kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka har kashi 2.65 cikin 100 a Janairun 2021, sannan ya haura zuwa kashi 7.79 a Oktoban 2023, bayan babban bankin ƙasar ya yi ta ɗaga nasa don yaƙi da hauhawar farashi. Ka yi lissafin da kanka: mutumin da abin da zai iya biya duk wata bai canja ba, bashin da zai iya ɗauka ya koma kusan kashi 56 cikin 100 na wanda zai iya ɗauka a da. Gidan bai canja ba, aljihun mai saye ne ya tsuke.

Akwai kuma gidan da banki ya ƙi. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72, bankunan Birtaniya sun daina ba da bashi a kan ɗimbin gidajen bene sai an kawo shaidar cewa abin da aka lulluɓe bangon waje da shi ba mai kama wuta ba ne. Mutane da yawa suka wayi gari da gidan da ba laifinsu a ciki, ga masu so, amma ba mai iya biya. Wannan shi ne ɗan'uwan matsalar takardu, wadda ita kam ko'ina ana fama da ita: takardar mallaka da sunan mamaci a kai, magada biyar huɗu sun yarda ɗaya ya ƙi sa hannu, iyaka da ake shari'a a kanta, ɗakin da aka ƙara ba da izinin hukuma ba, ɗan haya da ya ce ba inda za shi. Mai hankali ba ya sayen rigima da kuɗinsa, ko an ba shi a rabin kuɗi. Wanda zai saya kuwa irin mutumin nan ne da ya ƙware a sayen rigima, kuma tayinsa ba ya da daɗin ji.

Mafi wuya duka shi ne gidan da garinsa ya watse. Birnin Detroit yana da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950, a ƙidayar 2020 bai kai 640,000 ba. A Japan binciken gwamnati na 2023 ya ƙirga gidaje miliyan 9 da ba kowa a ciki, kashi 13.8 cikin 100 na gidajen ƙasar. A wasu ƙauyukan tsibirin Sisili na Italiya hukuma ta kai ga tallar tsofaffin gidaje a kan Yuro ɗaya, da sharaɗin mai saye zai gyara. Idan aiki ya bar wuri, matasa suka bi shi, babu fentin da zai dawo da su.

Sai dai ga yadda ake bambancewa, kuma ba ya buƙatar masani. Idan kasuwa ce ta mutu, ta mutu wa kowa, allunan maƙwabta ma za su koɗe tare da naka. Idan ba mai zuwa gani sam, kuɗin da ka sa ko hoton da ka saka ne ya kore su tun daga nesa. Idan suna zuwa suna tafiya ba tayi, wani abu suke gani a ciki wanda kuɗin bai yi la'akari da shi ba, kuma kunya ba za ta bar su su faɗa maka ba. Sai ka sa wanda ba ya jin nauyinka ya zaga gidan ya gaya maka abin da hancinsa ya ji. Idan kuwa ana tayi amma duk a wuri ɗaya suke tsayawa, mutum uku da ba su san juna ba, to ba haɗa baki suka yi ba. Kuɗin gidan ke nan aka gaya maka sau uku.

Kawuna an taya masa a mako na uku. Ya ce albarka, har ya yi kwana biyu yana mita wai an raina masa hankali. A wata na goma sha huɗu, bayan ya biya harajin gida da kuɗin mai gadi na fiye da shekara, ya kuma sake fenti sau ɗaya, ya sallama wa wani a ƙasa da wancan tayin na farko. Ina wurin ranar da aka sa hannu. Da ya miƙa makullai sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya nuna bishiyar, ya ce, "Don Allah, ɗana, wannan kada a sare ta." Mutumin ya kalle ta, ya kalli inda yake so ya ajiye mota, ya ce, "To, Baba, za mu gani."