Kafin Ku Yi Wa Yarinyar Nan Dariya

Ranar Asabar da ta wuce ɗiyar yayana ta same ni ina tsinke zogale a tsakar gida, ta tsuguna kusa da ni, ta miƙo mini wayarta da hannu biyu kamar mai miƙa takardar sakamakon jarrabawa. Ta ce, "Gwaggo, ki karanta, amma don Allah kada ki gaya wa Baba." Shekarunta sha shida. Ashe wata uku ke nan tana rubuta labari, babi goma sha ɗaya, a kan wani shirin Indiya mai dogon zango da suke kallo da fassarar Hausa. Taurarin shirin duk suna nan yadda ta san su, da miskilin saurayin, da uwarsa mai zafin rai, da budurwar da ake ta wahalarwa. Abu ɗaya ta ƙara: wata yarinya 'yar Kano da ta sauka a Mumbai a babi na farko.

To, ku ji yarinyar. Shekarunta sha bakwai, amma likitar zuciya ce. Tana jin harsuna bakwai. Ta haddace Alƙur'ani tun tana 'yar tara. Gashinta har gadon baya, idanunta dara-dara, in ta yi girki maƙwabta sai sun leƙo. Saurayin nan da aka yi shekara ana kallo bai taɓa murmushi ba, yana ganinta ya saki kofin shayi ya fashe. Uwarsa da ba ta raga wa kowa ta cire sarƙar gwal daga wuyanta ta sanya mata. Ita kuwa budurwar asali, wadda aka gina shirin dominta, da ƙafarta ta zo ta ce ta janye, don ta gane ba ta kai ba.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Na yi dariya har zogalen ya zube daga cinyata, domin abin akwai ban dariya, kuma akwai daɗi. Da na ɗago na ga fuskarta ta fara canzawa, sai na kama hannunta na ce ta zauna in ba ta labarin wata yayarta da aka haifa a Amurka tun kafin a haifi babanta.

A tsakanin 1966 da 1969 an nuna wani shirin talabijin a Amurka mai suna Star Trek, labarin wani jirgin sama-jannati da ma'aikatansa. Da aka daina shirin masoyansa ba su haƙura ba. Suka riƙa ɗaukar taurarin suna rubuta nasu labaran, suna bugawa a ƙananan mujallu da kuɗin aljihunsu, suna aika wa juna ta gidan waya. Yawancin masu wannan rubutu mata ne. Wata daga cikinsu, Paula Smith, ta lura cewa akwai wani labari guda da ke ta dawowa da suna daban-daban: yarinya ƙarama ta shigo jirgin, ta fi kowa kyau, ta fi kowa basira, manyan hafsoshi duk sun rikice a kanta. Sai a 1973 ta rubuta ɗan gajeren labarin barkwanci a mujallar Menagerie, ta sa wa tauraruwar suna Mary Sue.

Laftanar ce, mafi ƙarancin shekaru a duk rundunar, shekarunta sha biyar da rabi. Tana shiga, kyaftin ɗin jirgin ya furta mata soyayya, ta ƙi. Mataimakinsa da aka sani da tsantsar hankali ya jinjina wa tunaninta. Aka kama su aka kulle a wata duniya, ta buɗe ƙofar da tsinken gashinta. Manyan suka kwanta ciwo, ta tuƙa jirgin ita kaɗai, har aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Daga ƙarshe ciwon ya kama ta, ta mutu manyan hafsoshin nan suna kewaye da ita suna sharɓar kuka, aka mai da ranar haihuwarta ranar hutu a jirgin. Tun daga nan sunan ya bi duk wata tauraruwa da marubuciya ta ƙera daga jikinta, ta goge mata kowane aibi, ta jefa ta cikin labarin wasu. In namiji ne sai a ce Gary Stu.

Ɗiyata ta yi shiru, can ta ce, "Gwaggo, ai kamar ta karanta nawa." Muka yi dariya tare, kuma wannan dariyar ita ce nake so. Wadda ba na so ita ce ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayani.

Duk mai bin littattafan Hausa da ake sakawa a Wattpad, dandalin saka labarai a intanet, da zaurukan WhatsApp ya san ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fara ce sol, doguwa, hanci har baka, ruwa biyu ce, uwa Balarabiya ko Bafulatana. Marainiya ce da kishiyar uwa ke gana wa azaba, amma ko tabo babu a fatarta. Shi kuma gogan attajiri ne ɗan shekara ashirin da takwas, soja ne kuma matuƙin jirgi, ba ya magana sai da ido. Na sha ganin an ɗauki hoton shafin wata yarinya an watsa, manya da gemunsu da manyan mata da 'ya'yansu suna ta sheƙa dariya a ƙasa, ana cewa ga shirmen 'yan zamani. Yarinyar takan goge labarin a daren. Da yawa ba sa sake rubuta ko layi ɗaya.

Wannan abin yana ci mini rai, saboda na karanta babi goma sha ɗayan nan da idon wadda ta san marubuciyar tun tana zanin goyo. Tauraruwar tana da tawadar Allah a ƙasan idon hagu, daidai inda ɗiyata take da ita. Sunansu da harafi ɗaya ya fara. Ita ce, babu tantama. Amma ɗiyata baƙa ce, kyakkyawar baƙa mai sheƙi, tauraruwar kuwa sau huɗu aka faɗa mana fara ce a babi na farko kaɗai. Ɗiyata ita ce ta tsakiya a cikin su bakwai, ita ake aike, ita ke wanke-wanke, in manya na magana ba a tambayar ra'ayinta. A labarin kuwa, duk inda tauraruwar ta buɗe baki sai falo ya yi tsit. Da na gama karantawa na san abin da aka daɗe ana gaya wa yarinyar nan game da fatarta, a makaranta ne ko a gidan biki, wanda ba ta taɓa kawo ƙararsa ga kowa ba. Na kuma san abin da take ƙishirwa. Shekara sha shida muna gida ɗaya ban ji wannan daga bakinta ba, sai a bakin likitar zuciya 'yar sha bakwai. Wanda ya tsaya a kan harsuna bakwai yana ƙyaƙyatawa, ya wuce wannan bai gani ba.

Sannan akwai rashin adalcin da ke cikin yadda ake raba dariyar. Ian Fleming ya yi aiki a sashen leƙen asirin sojan ruwan Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, ya zo a 1953 ya ƙirƙiro James Bond, kwamandan sojan ruwa kamar shi, wanda ya iya harbi, ya iya tuƙi, ya iya caca, kowace mace ta gan shi ta faɗa. Sama da shekara sittin ana sayen tikitin kallonsa. Shi kansa mai Star Trek, Gene Roddenberry, sunansa na tsakiya Wesley ne, kuma da aka dawo da shirin a 1987 sai ga wani yaro mai suna Wesley, haziƙi, yana ceton jirgi alhali manya na tsaye. Shi kam ya sha suka wurin masu kallo, amma ba wanda ya ce maza su daina rubutu saboda shi. Mu nan wa ya taɓa tashi daga kallo don jarumin Indiya ya doke ƙarti arba'in ko gilashinsa bai karkace ba? Tafi muke yi. Sai yarinya ta ba kanta irin wannan ƙarfin a labarin da ta rubuta kyauta a wayar da allonta ya tsage, sannan kowa zai tuna da ƙa'idar adabi.

Can ma sunan Mary Sue ya zama sanda. Har jerin tambayoyi aka ƙirƙiro a intanet na auna tauraruwa: in launin idonta baƙon abu ne a ba ta maki, in sunanta ya yi kama da na marubuciyar a ƙara, in makin ya yi yawa a ce ki yaga ki sake. Camille Bacon-Smith, wadda ta yi bincike a kan matan nan masu rubutu ta fitar da littafi a 1992, ta nuna yadda tsoron a kira tauraruwarsu Mary Sue ya sa wasunsu ɗari-ɗari da rubuta mace gaba ɗaya. A 2015 da aka fitar da sabon fim ɗin Star Wars da mace a gaba, sunan nan aka fara jifanta da shi. Abin da aka fara a matsayin wasa tsakanin marubuta ya koma hanyar cewa mace ta cika iyawa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce labarin ɗiyata ya yi kyau ba, kuma ban gaya mata ya yi ba. Ƙarya ce mafi sauƙi a ranar, amma da na yi mata ita da na cuce ta. Na ce mata, "'Yata, kyan yarinyar nan bai dame ni ba, ki bar mata gashinta. Abin da ya dame ni, tun da ta sauka daga jirgi kowa ya daina zama kansa." Uwar saurayin da muka sani ba ta kyauta, me ya sa ta cire sarƙa a ganin farko? Budurwar da ta yi shekara tana kuka a kan mutumin nan, yaya za ta sallama shi cikin layi uku? Mutanen da ta ƙaunata har ta ɗauki alƙalami dominsu, ta mai da su maroƙa, aikinsu kawai kirari. Kuma tun daga babi na biyu na san ba abin da zai sami tauraruwar, to me zai hana ni barci in buɗe na uku?

Na tuna mata da tatsuniyoyin da kakarta take yi musu. 'Yar bora ita ke auren ɗan sarki a ƙarshe, kowa ya sani, amma sai ta bi daji, sai ta haɗu da tsohuwar da ta ce a cuɗa mata baya, sai ta yi abin da 'yar mowa za ta ƙyamata. Muna tare da ita ne saboda muna jin tsoron kada ta kasa. Gizo kuma fa? Ga kwaɗayi, ga ƙarya, ga tsoro, kullum sai ya ja wa Ƙoƙi magana, amma ba yaron da zai yarda a tashi hira ba a yi tasa ba. Kakanninmu da ba su shiga ajin adabi ba sun san mai sauraro ba ya manne wa wanda ba ya kuskure.

Abin da ya kamata manyan marubutanmu da masu sharhi su riƙa yi ke nan in sun ci karo da irin wannan rubutu. Ku bi ta akwatin saƙo, ku yi tambaya ɗaya: me tauraruwarki take so wanda ba za ta samu da sauƙi ba? Yarinyar da ta iya zama ta haɗa babi goma sha ɗaya, ga makaranta, ga Islamiyya, ga aikin gida, ga rashin wuta, ta riga ta mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa. Sauran gyara ne. Kuma fagen nan ba wasan yara ba ne kamar yadda ake ɗauka. Wattpad da aka kafa a Toronto ta Kanada a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 600, kuma rubutun matasa irin wannan na cikin abin da ya tara masa jama'ar da aka saya.

Daren Talata ta turo mini babi na sha biyu. Likitar tamu ta shiga tiyata da taƙama, ta ƙi sauraron wata tsohuwar nas da ta ja hankalinta, aikin ya ɓaci, mara lafiyar ya sha da ƙyar. Uwar saurayin ta aiko a karɓo mata sarƙarta. Budurwar asali ta dawo, kuma ba da fara'a ta dawo ba. Akwai wani wuri da tauraruwar ta shiga banɗakin asibiti ta kulle, ta tsaya gaban madubi tana wanke fuska, a nan ne a karo na farko aka ce hannuwanta baƙaƙe ne, suna rawa a ƙarƙashin famfo. Ba ta koma ta gyara babi na farko ba, ni ma ban ce ta gyara ba.

A ƙasan babin ta rubuto, "Gwaggo, in masu karatu suka tsane ta fa?" Na ce mata ni dai ban yi barci ba sai da na kai ƙarshe, kuma ta hanzarta da na sha uku, ina so in ji abin da za ta ce wa tsohuwar nas ɗin nan da safe.