Burukutun da na dafa wa surukina

Maiɗakina tana sana'ar kunun aya da zoɓo, kuma rabin aikinta a wankin goruna yake ƙarewa. Robobin ruwa da na lemo da aka sha aka yar take saye buhu-buhu a wajen wani yaro ɗan jari-bola, sannan ta share yini guda a bakin famfo tana dirza. Na sha gaya mata ɓata lokaci ne. Gorar da ruwa ya fita daga cikinta, wane datti ne kuma ya rage?

Da ƙanwarta ta haihu a Zariya, sai tafiyar suna ta kama, ga masu shagon bakin titi sun riga sun ba da kuɗin sari. Ta tsayar da ni a tsakar gida, mayafi a kafaɗa, ta yi min karatu.

"Baban Abba, ka saurara da kyau. Ruwan omo mai ɗumi za ka jiƙa su, ban ce mai zafi ba. Ka zuba 'yar tsakuwa a ciki ka girgiza. Murafen daban ake wanke su da tsohon buroshi, don a layin nan na cikin murfi datti yake maƙalewa. Ka ɗauraye har kumfa ta ƙare, ka kife su a kwando cikin inuwa, kada ka kuskura ka rufe sai sun bushe ƙarau. Wadda ka ji warin kananzir ko fetur a jikinta, yar da ita."

Na ce, "Hajiya, Allah ya kiyaye hanya. Ai ni na yi boko."

Tana fita na zauna na yi lissafi. In dai ƙwayoyin cuta ake tsoro, me ya kai tafasasshen ruwa? Na ɗora babbar tukunya, na jera goruna a baho, na sheƙa musu. Ban gama ajiye tukunyar ba suka fara motsi. Wuyan wannan ya karkace, cikin waccan ya shige, gindin wata ya kumburo waje, takardar jikinsu ta saɓule tana yawo a ruwa. Gora mai cin santilita 75 ta tsuke ta koma ko rabin haka ba za ta ɗauka ba. Abba ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya ce, "Baba, ta tsufa." Na ba shi kuɗin alewa, muka kwashe su muka tura bayan akurkin kaji.

Sauran buhun na bi shi da lalama. Na ɗauraye kowace sau ɗaya da ruwan sanyi, na murɗa murfi nan take don kada ƙura ta shiga, wanda har gobe ina ganin tunani ne mai kyau, na zuba su a sito. Washegari da na buɗe na ji wani ɗan bashi-bashi, na ce warin roba ne.

Kunun kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi daɗi. Na jiƙa aya ta kwana, na kai markaɗe da dabino da kwakwa da citta da kanumfari, na tace, na zuba sukari da hannun mai kyauta. Ita takan bar wajen yatsa biyu a saman gora, ni na cika su har baki don a san an canja shugabanci. Na jera a firji. Ko awa ba a yi ba aka ɗauke wuta.

Watan Afrilu ne a Kano, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40. Na aiki Abba wajen mai ƙanƙara, ya dawo da farashin da ya sa na ce a bar ta, ai za a kawo wuta. Ba a kawo ba. Da firjin ya fara ɗumi na kwashe gorunan na loda a kula, na rufe, na kai sito, a kan cewa kula tana riƙe sanyi. Sanyin da babu shi.

Ana haka Hajiya ta dawo, kuma mahaifinta ne da kansa ya rako ta, dattijo mai furfura, na'ibin liman a unguwarsu, cikin farar babbar riga ta shadda da ta sha guga. Na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa darduma a falo. Sai zuciya ta ce min ga ranar nuna bajinta. Na ruga sito na zaɓo gorar lemo ɗaya, na ji ta yi tauri kamar dutsen guga, na ce alhamdulillahi, ashe da sauran sanyi.

"Baba, ga kunun aya, da hannuna na yi."

"Madalla, Allah ya yi albarka."

Na durƙusa gabansa na murɗa murfin. Da farko wani tsaki ta yi mai tsawo. Kafin in mayar, murfin ya kufce ya daki silin, kunu ya biyo shi. Ya wanke gemun Baba, ya sauka a aikin wuyan rigar, ragowar ya cika masa hular da ya ajiye a gefe. Falo ya ɗauki wani wari mai tsami.

Baba bai yi faɗa ba. Ya shafa gemu, ya kai yatsun hanci, ya yi shiru. Can ya ce, "Wannan warin na san shi tun ina aikin reluwe a Kafanchan." Ya dubi 'yarsa, ya ƙara da sauri, "Ta bayan gidan da ake dafawa muke wucewa."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai muka ji fam! daga sito. Sai wata. Kaji suka watse, garin gudu suka turo tsofaffin gorunan da na ɓoye har tsakar gida, daidai ƙafar Hajiya.

Maƙwabcinmu malamin kimiyya ne a sakandare, ƙarar ce ta leƙo da shi ta katanga. Maimakon ya ce sannu, sai ya buɗe aji. Wai irin yis ɗin da ke kumbura burodi yana nan a iska da jikin gorar da ba ta wanku ba, in ya samu sukari da ɗumi sai ya ci ya fitar da iskar gas da barasa, kuma haka dawa take zama burukutu. Wai gorunan ruwa ne ke fashewa don ba su da kauri, na lemo an yi su ne don riƙe gas, shi ya sa tawa ta jira sai a gaban baƙo. Ya ɗauki wata tsukakkiya ya nuna min lamba 1 a cikin alama mai kusurwa uku a gindinta, ya ce irin wannan robar tun wajen digiri 70 take fara laushi, ni kuma na ba ta 100. Duk wannan a gaban surukina, yana tsaye da singileti ana wanke masa riga.

Na ce, "Malam, laifin masu wuta ne."

Hajiya ta ce, "Su ne suka rufe gorunan da ruwa a ciki?"

Kuɗin masu shago daga aljihuna aka mayar. Sito kuwa sai da aka wanke shi har bango, aka yi ta turare, duk da haka almajirin da ke mana aike in ya shiga sai ya fito yana kallona. An kuma sauke ni daga shugabanci zuwa sashen murafe, ni da tsohon buroshi.

Da Sallah na je gaida Baba, na riƙa masa katon ɗin lemo na kanti, a rufe daga kamfani. Ya sa albarka, ya zaro ɗaya ya matsa ta da yatsa, ya miƙo min.

"Fita waje ka buɗe, in ya so ka kawo."